Wane suna ya dace da kyamarar da ke karanta fuskar direba?

Mai tambaya, Gusau: Assalamu alaikum. Za a yi wa direbobin tasha bayani kan na'urar da Turawa ke kira thermal camera, wadda ake gwajin kafawa gaban direba don a gane lokacin da hankalinsa ya tashi. An rubuta "kyamarar zafi". Ya yi?

Injiniya, Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam. Bai yi ba, Malam. Faɗi haka a tasha ka ji, za a ce maka a kashe ta ta huce. Fatar mutum tana fitar da wani haske da ido ba ya gani, shi kyamarar take kamawa ta mayar hoto. Mai kyau tana gane bambancin digiri 0.05. Wannan ɗumi ne, ba zafi ba. Ni "kyamarar ɗumi" na zaɓa.

Ma'aikaciyar lafiya, Argungu: Ina tare da Injiniya, don babbar alamar ma sanyi ce. In tirela ta yanko wa direba, ƙananan jijiyoyin jinin hanci sai su tsuke, kan hanci ya yi sanyi, gefen ido kusa da karan hanci kuma ya ƙara ɗumi. Har numfashi tana ƙirgawa: iskar da ke fita ta ɗumama ƙofar hanci, mai shiga ta sanyaya ta. Baligi a zaune yana yin 12 zuwa 20 a minti. Sai dai zazzaɓin cizon sauro kan rikita lissafin.

Mai tambaya: To "ma'aunin ɗumi" fa?

Malamin Hausa, Kaura Namoda: A'a, ranka shi daɗe. Ma'auni lamba ɗaya yake bayarwa, kamar wanda aka riƙa nuna mana a goshi lokacin korona. Wannan hoto take ɗauka. Muna da kyamarar tsaro, don haka kyamarar ɗumi ta zauna a baki.

Mai wayarin mota, Jega: Kada dai wani ya ce "kyamarar dare". Akwai wata daban da ke cikin sabbin motoci, tana haska fuska da fitilarta mai hasken da ido ba ya gani, tana lura da lumshewar ido ko da direba na sanye da tabarau. Ta ɗumi ba ta da fitila, kuma gilashi katanga ne gare ta: tabarau baƙi ƙirin yake fitowa, shi ya sa madubinta ba na gilashi ba ne, na wani sinadari ne da ake kira jamaniyam. Dole a ɗaure ta cikin mota tana fuskantar hanci kai tsaye. Matsalarta a nan uku zan ambata. Iskar esi in tana bugun fuska, hanci zai yi sanyi ta ɗauka tsoro ne. Ranar Afrilu, ga zafi ya haura digiri 40, kunci ɗaya ya gasu ta taga. Da hunturu kuwa direba ya ja amawali ko takunkumi, shi ke nan, babu hancin da za a karanta. Maganin matsala ta farko, a karkatar da bakin esi, a bar ta ta ɗauki fuskar direban na 'yan mintoci kafin ya tashi, da wannan za ta riƙa kwatantawa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. An rubuta kyamarar ɗumi. Saura abin da take ganowa: gajiya, damuwa ko tashin hankali?

Malamin Hausa: Gajiya ta mai gyangyaɗi ce, damuwa ta mai bashi ce. A sa "takura". Direban da ke bin Gusau zuwa Funtuwa, in ka ce masa na'ura ta gano tashin hankali, daji zai fara dubawa.