"Da ruwan ciki ake jan na rijiya": jari ake nufi ko cikin ne da gaske?

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'a, ku raba ni da ƙanina. Jiya muka yi cacar baki, na ce ya tashi mu ƙarasa aikin da muka fara ya ce shi fa sai ya ci abinci, wai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Na ce kai wannan maganar jari ce, sai da ɗan abu a hannu ake neman babba. Har yanzu fushi yake da ni. Waye da gaskiya?

Na Malam: Kai ne. A kan jari na san ta, wasu malamai kuma su ja ta zuwa ilimi.

Anti Nas: Baban Ummi kar ka yi saurin kayar da yaron nan. Ko abincin da ka haɗiya ai ba ya narkewa sai ciki ya zuba nasa ruwan tukuna. Abinci na sauka tumbi zai saki homon ɗin gastirin (homon wani sinadari ne da jiki ke aika saƙo da shi ta jini), shi ke sa a zubo asid. In ya gangara farkon ƙaramin hanji da tsaminsa sai homon ɗin sikiritin ya bi jini ya je ya taɓa fankiriyas (wata gaɓa da ke bayan tumbi) ta turo ruwan da zai kashe kaifin asid ɗin kar ya ƙona hanji, in akwai maiƙo kuma wani homon mai suna CCK ya matse matsarmama ta zubo nata. Sikiritin ɗin nan tun 1902 Bayliss da Starling suka gano shi a Landan, sun yanke jijiyoyin wani sashen hanjin kare suka zuba asid a ciki, amma fankiriyas ba ta fasa aiki ba, nan suka gane ta jini saƙon ke tafiya.

Ɗan Adawa: Anti to wane homon ne ke cewa an ƙoshi? Don akwai wasu masu manyan riguna da nake zargin babu shi aka haife su, tun zaɓen farko suke ci.

Anti Nas: CCK na ciki, da GLP-1 da ke fitowa daga can ƙasan hanji, yana rage saurin fitar abinci daga tumbi. Shi allurar Ozempic ta masu ciwon suga ke kwaikwaya.

Ɗan Adawa: To a riƙa yi musu ita kafin rantsuwa. Su na rijiyar suka janye kaf suka mayar ciki.

Maman Twins: Allah sarki kun tuna min da kakata, Allah ya ji ƙanta. Ita ba ta yarda ka ce ƙari kana suɗe hannu, sai ta kife kwanon ta ce je ka wanke hannu ka zauna, in har yanzu kana so zan ba ka. Wallahi sau da yawa kafin ta kira ka ka manta. In cikinka na ƙugi kuma ta kara kunnenta ta ce ku yi shiru ana shara. Da ciwon ajali ya kama ta abinci ya fita ranta gaba ɗaya, sai ka ga ta ɗauki cokali hannu na rawa, ta rufe ido ta haɗiye da ƙyar ta ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, so nake in yi sallata a tsaye. Ni tun ranar ban ƙara jin karin maganar nan na tuna kuɗi ba.

Na Malam: Allah ya gafarta wa Iya. Ibada kam sai da ƙarfi.

Anti Nas: Amin. Sharar nan fa gaskiya ce, in ciki ba komai homon ɗin motilin na tayar da motsi kamar duk bayan awa ɗaya da rabi zuwa biyu ya kore ragowar. Mai tayar da yunwa kuma girelin ne, sai 1999 aka gano shi a Japan.

Ɗan Adawa: Wannan girelin ɗin talaka ya san shi tun kafin Japan.

Baban Ummi: To yanzu in ba shi haƙuri ke nan ko kuwa?

Na Malam: Tsaya tukuna, bayan ya ci ɗin ya yi aikin?

Baban Ummi: Barci ya yi.

Maman Twins: Shekarunsa nawa ma? Ko dai ba shi da lafiya ne?