Sauraron ciki maimakon ƙidayar loma

A zaman da muka yi da wasu mata kan rage ƙiba, kusan kowacce ta taɓa ƙaurace wa tuwo ko shinkafa, ta ɗan rame, sannan nauyin ya dawo har da ƙari. Sai hira ta koma kan tsari mai ƙa'idoji 10 da masana abinci biyu na Amurka, Evelyn Tribole da Elyse Resch, suka fitar a 1995: mutum ya bi alamun jikinsa, ya bar jadawalin hani.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce kada a bar yunwa ta kai intaha. Wadda ta tsallake karin kumallo da abincin rana, da magariba sai ta far wa kwano ba ji ba gani, kuma ba gazawarta ba ce, jiki ne ke karɓar bashinsa. Ki ci da zarar yunwa ta fara, ki dakata a tsakiya ki ji ko kin ƙoshi. Wata malama ta tuna mana hadisin Tirmizi na kasa ciki uku: abinci, abin sha, numfashi.

Matan sun ce a daina kiran cincin ko ƙosai mugun abinci, don abin da aka hana kai shi rai ke kwaɗayi. Ni batun yara ne ya fi taɓa ni: tilasta musu suɗe kwano yana koya musu ƙin sauraron ƙoshinsu.

Mai ciwon suga ko hawan jini kuwa, ta haɗa wannan da shawarar likitanta.