Yabo da Faransanci: abin da kowannenmu ya gani

Ɗan Jibiya: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Fatauci yana yawan kai ni Maraɗi da Yamai, kuma ko da yake Hausa ta ishe ni ciniki a kasuwa, a ofisoshi da gidajen abokan hulɗa nakan so in yaba wa mutum da Faransanci. Ina roƙon waɗanda suka riga ni su gaya mana kalmomin da suka yi musu amfani.

Hajiya mai atamfa: Wa alaikumus salam, Alhaji. A kasuwar Dantokpa ta Kwatano nake saro kaya, kuma a bakin matan da ke sayar da atamfa na koya. Idan zane ya burge ni nakan ce "C'est très joli", wato yana da kyau ƙwarai, idan kuma mace ta yi sabon ɗinki sai in ce mata "Ça vous va bien", ma'ana ya karɓe ta. Tun da na fara hakan, kafin in zauna an miƙo mini kujera da ruwa.

Malamin Faransanci, Kano: Hajiya ta yi daidai da ta ce "vous", wato "ku" na girmamawa. Lokacin da muka je ƙauyen koyon Faransanci na Badagry, abin da aka fi nanata mana shi ne kada a ce wa babba ko baƙo "tu", wato "kai" ko "ke", domin yabo mai daɗi yana zubewa idan aka haɗa shi da raini. Ga wanda ya ci jarrabawa ko aka yi masa haihuwa, "Félicitations" ta wadatar, ma'aikacin da ya kyautata kuma a ce masa "Bon travail".

Ɗaliba a Jami'ar Abdou Moumouni: Malam, zan ƙara da abin da na gani a gidajen Yamai. Idan uwargida ta kawo abinci aka ce "C'est délicieux", wato yana da daɗi ƙwarai, takan ji daɗi sosai, amma yawancin mutane sai sun haɗa da "Masha Allah", musamman idan yaro ake yabo. Shawarata ga Alhaji ita ce ya tsaya ga yabon girki da aiki da tarbiyyar yara, ya bar zancen surar matar da ba muharramarsa ba, domin sauya harshe ba ya ɗauke kunya. Idan shi aka yaba, amsar ita ce "Merci, c'est gentil", wato na gode, an kyauta.

Ɗan Jibiya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na rubuta su duka, zan fara da mai masaukina a Maraɗi.