Abin da 'yan'uwa suka faɗa kan sayen hannun jari a kamfanonin Ɗangote

Jama'a, ga abin da na tattaro daga doguwar tattaunawarmu.

1. Kusan kowa ya yarda a fara gane abin da ake saya. Uwar kamfanin, Dangote Industries, ba ta cikin kasuwar hannun jari ta Legas. Abin da ake samu su ne Dangote Cement, Dangote Sugar da NASCON mai gishiri.

2. Siminti ne ya fi samun magoya baya: ga masana'antar Obajana a Kogi, ga masana'antu a Habasha, Senegal da Tanzaniya. Wasu suka ce ribar waje na taimakawa idan naira ta faɗi. Wasu suka ce bashin dala ma yakan ƙaru.

3. A kan sukari aka rabu sosai, domin ana shigo da ɗanyensa daga waje, rakensu na Numan bai isa ba tukuna.

4. Matatar man Ɗangote ta Lekki, mai iya tace ganga 650,000 a rana, ta burge mutane, amma an ja kunne: mai hannun jarin siminti ba shi da kaso a cikinta.

Masu tambaya kan halacci, an ce su tuntuɓi malami game da bashin ruwa da ke kan kamfanin da za su sayi hannun jarinsa. Ni ma ina nan a kan wannan.