Neman kalmar Hausa: littafin da marubuci ya fitar da kuɗinsa

Malama Hadiza, Agege:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa. Ranar Asabar za mu yi zaman horar da sababbin marubuta a nan Agege, kuma ni aka ɗora wa nauyin shirya takardar da za a raba, wadda dole in miƙa wa mai bugawa a Shomolu kafin azahar ta ranar Alhamis. Kalmar da ta tsaya mini ita ce wadda Turawa ke kira self-publishing, wato marubuci ya ɗauki nauyin fitar da littafinsa ba tare da kamfani ba. Da fari na rubuta "wallafa da kai", sai na ga ba ta raba gardama, domin a bakinmu mawallafi shi ne wanda ya rubuta littafi, kuma shi ne kamfanin da ya fitar da shi. Idan na ce wance ta wallafa littafinta da kanta, mai karatu zai ɗauka ina nufin ba wanda ya rubuta mata. Kalmar ta fito fiye da sau ashirin a takardar, musamman a babin yi wa irin waɗannan littattafai sharhi.

Malam Sani, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, Malama. Ina ba da shawarar "wallafar kai-da-kai". Kunnen Bahaushe ya riga ya saba da taimakon kai-da-kai, ya san ana nufin aikin da mutane suka yi da ƙarfinsu ba su jira hukuma ba, don haka ma'anar za ta shiga ba tare da dogon bayani ba.

Alhaji Bala, mai shagon littattafai:
'Yata Hadiza, na fi shekara talatin ina sayar da littattafai a garin nan, kuma ban taɓa jin mai saye ya tambayi wallafa ba. Bugu ake tambaya. Almajiri zai shigo ya ce a ba shi bugun Misira, wani ya ce na Bairut yake so, mai neman littafin boko ya ce bugun Zariya. Idan littafi ya zo daga hannun mai shi, muna cewa "wannan bugun kansa ne". Me zai hana ki rubuta "bugun marubuci"?

Malam Habu, Mile 12:
Alhaji ya kusa, amma ni abin da ke damuna shi ne yadda muke rugawa wurin Larabci duk lokacin da Turanci ya matse mu. Wallafa Larabci ce, ɗab'i Larabci ne, maɗaba'a ma haka. Harshenmu yana da hanyarsa ta ƙera suna daga umarni: faɗi-ka-mutu, shiga-da-alwala, gaya-wa-jini-na-wuce. A kan wannan turba na daɗe ina amfani da "buga-da-kanka", kuma duk wanda na faɗa wa ya gane nan take. A ce littafin buga-da-kanka, marubucin buga-da-kanka, kasuwar buga-da-kanka.

Malam Sani, Idi-Araba:
Malam Habu, idan za mu kori wallafa saboda asalinta, sai mu haɗa da littafi da alƙalami, mu ga abin da zai rage mana. Sannan mafi yawan masu wannan aiki a Hausa mata ne. Shin za mu ce musu buga-da-kanki?

Malam Habu, Mile 12:
Ba a sauya irin wannan suna saboda jinsi. Mace ta sayi tangaram ba ta ce masa faɗi-ki-mutu, kuma Malam ya san haka sarai.

Dakta Rabi, Yaba:
A nan Malam Habu yana da gaskiya ta fuskar nahawu. Matsalata da kalmarsa ba ta ƙira ba ce, ta ma'ana ce, kuma ta shafi ta Alhaji ma. Bugu kashi ɗaya ne kawai na aikin. Mai injin da ke Shomolu ko Mushin yana karɓar abin da aka kawo masa ya fitar da shi a takarda, ba ruwansa da ko labarin ya tsaya da ƙafarsa. Kamfanin wallafa na gaske shi ke zaɓen rubutu, ya ba edita, ya tsara shafuka da bango, ya sa jarinsa, ya kai kasuwa, sannan ya biya marubuci kasonsa. Haka aka san aikin a Zariya tun daga Hukumar Talifi da ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933, zuwa Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, zuwa kamfanin wallafa littattafai na Arewa, wato NNPC, a 1966. Marubucin da ya tsaya da kansa duk waɗannan ayyuka ne suka hau kansa, har da neman lambar shaidar littafi, wato ISBN, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa da ajiye kwafi uku a can kamar yadda doka ta tanada. Ga kuma masu sakin littattafansu a WhatsApp da Wattpad, dandalin karanta labarai a intanet, waɗanda rubutunsu bai taɓa ganin inji ba. Idan muka ce bugu, mun bar su a waje.

Malam Isa, daga Kano:
Ku gafarce ni, amma ina ganin ba daidai ba ne a zauna a Legas a yanke wa Hausa kalma. Akwai cibiyar nazarin harsuna a Jami'ar Bayero, wadda ta fitar da ƙamus a 2006, kuma irin wannan aikinta ne. Bayan haka, abin yana da suna tun tuni: Adabin Kasuwar Kano.

Malama Hadiza, Agege:
Malam Isa, da girmamawa, wannan sunan ba zai shiga takardata ba. An kwaikwayo shi ne daga sunan da aka ba ƙananan littattafan da ake sayarwa a kasuwar Onitsha, kuma marubuta da dama sun ɗauke shi a matsayin raini tun lokacin da ya fito. Mutanen da suka sayar da kayan ɗakinsu suka buga littafi a shekarun 1980 da 1990, lokacin da kamfanoni suka ja baya, su ne suka riƙe karatun Hausa a cikin gidaje. Ba zan tara 'yan mata a aji in gaya musu abin da suke shirin yi kayan kasuwa ne ba.

Alhaji Bala, mai shagon littattafai:
Malam Isa, Hausawa suna zaune a Ikko tun kafin a haifi kakanninmu, kuma da Hausa muke ciniki da wa'azi da raɗa wa 'ya'yanmu suna. Ba mu raina malaman Kano ba, amma takardar yarinyar nan ranar Alhamis za ta tafi, ba za ta jira zaman kwamiti ba.

Malam Isa, daga Kano:
Ban yi nufin ɓata wa kowa rai ba, Alhaji. Tsorona kawai kada kowane gari ya fito da tasa kalmar.

Malam Habu, Mile 12:
Shi ya sa nake cewa a ɗauki buga-da-kanka, domin babu garin da za a kai ta a ce ba a gane ba.

Dakta Rabi, Yaba:
Ƙanwata Hadiza, bari in koma kan babin sharhi, tunda shi ya fi buƙatar kalmar. Mai sharhi yana buƙatar suna da zai faɗi gaskiyar yadda littafi ya fito ba tare da ya yanke masa hukunci tun daga bango ba. Abin da ya kamata ya duba shi ne ko rubutun ya bi ta hannun edita: ko an raba kalmomi daidai, ko an rubuta "nagode" a haɗe da "ya na" a rabe, ko sunan tauraruwa ya sauya a tsakiyar labari, ko an ja zance don kawai a cika kashi na uku. Waɗannan kurakurai ne na rashin tacewa, kuma na gan su a littattafai masu tambarin kamfani. A ganina "wallafar kai-da-kai" ce kaɗai ta ɗauki aikin gaba ɗaya ba ta jingina masa aibi ba.

Malama Hadiza, Agege:
Yaya Rabi, kin taɓo inda ke mini ciwo. Littafina na farko kwafi ɗari biyar na buga a wata maɗaba'a a nan Legas, da kuɗin adashe. Da na buɗe ƙunshin farko a gida, sai na tarar duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ suke, wani ɗan akwati ne ya fito a madadinsu, saboda kwamfutarsu ba ta da haruffanmu masu lanƙwasa, ni kuma ban san ana neman samfuri a karanta kafin a kunna inji ba. Mai injin ya ce abin da na kawo ya buga. Ranar na gane cewa shi mai bugu ne, ni ce mawallafiya, kuma abin da nake so ɗalibaina su gane ke nan tun kafin su zuba kuɗinsu. Saboda haka zan sa "wallafar kai-da-kai" a matsayin sunan aikin, in yi bayaninta sau ɗaya a shafin farko. Inda ake maganar kwafin takarda zan yi amfani da "bugun kansa" da "bugun kanta" kamar yadda Alhaji ya ce 'yan kasuwa na faɗa.

Malam Habu, Mile 12:
Takardarki ce, Malama, ba zan hana ki ba. Amma kalmar ta yi tsawo, kuma har yanzu babu wanda ya gaya mini yadda za a kira mai yin aikin. Mawallafin kai-da-kai? Ni dai zan ci gaba da tawa.

Malam Sani, Idi-Araba:
"Marubuci mai wallafa wa kansa" ya wadatar. Abin da ban ga mun taɓa ba shi ne kamfanin da ke karɓar kuɗin marubuci, ya buga masa ba tare da tacewa ba, sannan ya manna tambarinsa a bango. Wannan ba wallafar kamfani ba ce, ba kuma ta kai-da-kai ba.

Malama Hadiza, Agege:
Yana shafi na huɗu, Malam, kuma a yanzu na rubuta "kamfanin da marubuci ke biya". Wanda yake da abin da ya fi wannan ya turo mini kafin daren Laraba.