Gwajin magani a kan wanda ya suma: zalunci ne ko ceto?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai. Watan jiya ƙanena ya yi haɗarin mota a hanyar Zariya, aka kwashe shi ranga-ranga, mu ba mu ji labari ba sai bayan isha'i. Da ya farfaɗo da kwana uku sai ga wata ma'aikaciya da takarda, wai tun daren da aka kawo shi an sa shi cikin wani bincike, an yi masa wata allura, yanzu ana so ya sa hannu a ci gaba da amfani da bayanansa. Alhamdu lillahi ya tashi, har yana takawa. Amma ni a kan magana ɗaya na tsaya: duk wanda ya gwada magani a jikin mutum bai tambaye shi ba, ya zalunce shi, ko da maganin ya yi amfani.

Hajiya Mairo: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara masa lafiya. Ina bayanka, Baban Khalifa. Mu da muka ga shekarar sanƙarau ta 1996 ba sai an ba mu labari ba. Yara 200 kamfanin Pfizer ya sa cikin gwajin maganinsa Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya ce cutar ce ta jawo, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ne. Sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Dakta Amina: Kawu, sannu da jinya. Hajiya, abin da kuka faɗa ba mai musun sa, kuma mu da muke aikin nan har gobe muna biyan bashinsa. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, Trovan na cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi. Amma ina roƙon ku dubi bambanci ɗaya. Iyayen yaran nan suna tsaye a wurin, da kunnuwansu da hankalinsu, ba abin da ya hana a zaunar da su a yi musu bayani da Hausa. Ƙanen Kawu kuwa an kawo shi jini na zuba, ba ya ji ba ya gani, ba dangi a kusa. Wa za a tambaya?

Baban Khalifa: To sai a bari. A yi masa maganin da aka sani, gwajin ya jira wanda yake cikin hayyacinsa.

Dakta Amina: Kawu, nan ne gizo ke saƙar. "Maganin da aka sani" ɗin, ta ina aka san shi? Shekara wajen talatin likitoci a ƙasashe da yawa suna yi wa wanda ya bugu a ka allurar sitiroyid, da niyyar rage kumburin ƙwaƙwalwa. Hankali ya ɗauka, manya sun koyar, kowa yana yi da zuciya ɗaya. Sai aka yi binciken CRASH, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2004. Mutum 10,008 aka sa, aka raba su da ƙuri'a, rabi aka ba su sitiroyid, rabi aka ba su allurar da ba magani a cikinta. Cikin mako biyu, kashi 21 cikin 100 na waɗanda suka samu maganin suka rasu, ɗaya ɓangaren kashi 18. Dole aka tsayar da binciken kafin lokacinsa. Maganin da aka yi shekaru ana bayarwa ashe ƙara mutuwa yake yi. Duk waɗanda aka yi wa wannan allura kafin 2004, su ma ba wanda ya tambaye su. Bambancin kawai, ba wanda yake ƙirga gawarsu.

Sista Rabi: Bari in sa baki, don ni a sashen gaggawa nake kwana. Ga yadda ake kawo mana mutum: 'yan adaidaita biyu sun ɗauko shi, riga ta jiƙe sharkaf, hannu ya yi sanyi kamar ƙanƙara, ka laluba jijiya da ƙyar ka samu. Wayarsa a kulle take, ko ta fashe, ko wani ya yi gaba da ita a wurin haɗarin. Waɗanda suka kawo shi ko sunansa ba su sani ba, kuma sauri suke su tafi kada a riƙe su da tambayoyi. In Allah ya sa an samu ɗan'uwa, yana zuwa yana kuka yana salati, ka miƙa masa takarda shafi huɗu. Wallahi na sha ganin wanda ya dangwala yatsa idonsa na kan gadon ɗan'uwansa, bai ji ko kalma ɗaya ba. Ni wannan ban kira ta yarda ba.

Malam Ɗahiru: Sista, hujjar taki ta yanka gefe biyu. In dangwalen mai kuka ba yarda ba ce, rashin dangwalen gaba ɗaya ai ya fi nisa da yarda. Ni abin da ya dame ni shi ne allurar da ba magani a cikinta, sai ruwan gishiri. Jiki amana ne. Lalura tana halatta a taɓa mutum don a cece shi, shi ya sa ba wanda ke tuhumar likitan da ya yi wa sumamme tiyata. Amma malamai sun ce lalura gwargwadonta ake auna ta. Wanda aka yi wa ruwan gishiri, wace lalurarsa aka biya? Wannan amfanin na wasu ne da za su zo bayansa.

Dakta Amina: Allah ya gafarta Malam, tambayar ta yi nauyi. Na farko, ba a hana kowa komai daga cikin abin da aka tabbatar. Ƙarin jini, ƙarin ruwa, tiyata, duk ana yi wa kowa daidai. Abin da ake jefa wa ƙuri'a shi ne abu ɗaya da likitan kansa bai san ko alheri ne ko sharri ba. A binciken sitiroyid, waɗanda ba su samu maganin ba su ne suka fi tsira. Kafin sakamako ya fito ba wanda ya san ɓangaren da ya yi sa'a.

Ga wanda ya fito da alheri. Akwai tsohuwar allurar tsayar da jini, tiranezamik asid, wadda Utako Okamoto da mijinta Shosuke suka gano a Japan tun 1962. An daɗe ana amfani da ita a tiyata da yawan jinin al'ada, amma ana tsoron ba wa mai haɗari kada jini ya daskare masa a jijiya. Binciken CRASH-2 ya sa mutum 20,211 a asibitoci 274 na ƙasashe 40, Najeriya na cikin waɗanda suka fi ba da majinyata. A 2010 sakamako ya nuna mutuwa ta sauko daga kashi 16 zuwa 14.5. Da aka sake duba lokaci sai aka ga wanda ya samu allurar cikin awa ɗaya, mutuwa ta zubar jini ta sauko daga kashi 7.7 zuwa 5.3. Wanda aka yi wa bayan awa uku kuwa, cutarwa ta yi masa. Masu binciken nan sun lissafa cewa a asibitocin da suka wajabta jiran sa hannun dangi, fara magani yana jinkiri da sama da awa ɗaya. Kawu, da an jira ku har bayan isha'i, in irin wannan allura ce, lokacinta ya riga ya wuce.

Nura Injiniya: Dakta, ki faɗi duka. Na taɓa karanta labarin binciken CRASH-2 ɗin nan. Cikin waɗanda suka ba da tallafinsa har da Pfizer.

Dakta Amina: Gaskiya ne, Yaya Nura, ba zan ɓoye ba. Sun ba da tallafin maganin. Amma makarantar kiwon lafiya da cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan ce ta gudanar da shi, da kuɗin gwamnatin Birtaniya da wasu gidauniyoyi, kuma maganin ya daɗe da fita daga mallakar kamfani ɗaya, kowa yana iya sarrafa shi da araha. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da ya kamata kowane asibiti ya ajiye.

Nura Injiniya: To yana nan a kowane asibiti? Ni nan ne tawa matsalar. A zo a ɗauki talakawanmu a gwada, a buga sakamako a Landan, motar ɗaukar marasa lafiya a Ingila ta riƙa yawo da allurar, mu kuma a rubuta wa ɗan'uwan majinyaci ya fita neman ta a kemis ƙarfe biyu na dare. Jinin namu, amfanin nasu.

Sista Rabi: Wannan kam ka taɓa inda ke mana ƙaiƙayi. Akwai daren da muka rubuta ta, kafin a samo kemis a buɗe awa uku ta cika. Amma laifin wanda bai sayo ya ajiye a kabad ba ne. Binciken ya gama nasa.

Maman Ilham: Ni ban san lissafinku ba, na san dai ɗakin haihuwa. A haihuwata ta huɗu jini ya ɓalle mini, ina jin muryoyi kamar daga cikin rijiya. Da a lokacin an ce sai na karanta takarda, da ba ni ce ke rubutun nan ba. Daga baya ungozomar ta ce mini har da allurar tsayar da jini aka yi mini. Ban san matan da aka fara gwadawa a kansu ba, amma ina yi musu addu'a.

Dakta Amina: Mata 20,060 ne, Anti, a ƙasashe 21, binciken WOMAN na 2017, kuma dubbai daga cikinsu 'yan Najeriya ne. Sannan ba kullum ne baƙi ke jan ragama ba. Binciken E-MOTIVE na 2023, wanda ya haɗa auna jinin da mai jego ke zubarwa da ba ta magunguna a tare ba ɗaya bayan ɗaya ba, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya, kuma ya rage mummunan sakamakon zubar jini da kashi 60.

Barista Sa'adatu: Ina ganin Baban Khalifa da Dakta kowa ya riƙe rabin magana. Ƙa'idar Helsinki, wadda ƙungiyar likitocin duniya ta fara fitarwa a 1964, ta yarda da bincike a kan wanda ba zai iya ba da izini ba, amma da sharuɗɗa. Ya zama ciwon da ake binciken shi ne ya hana shi magana. Ya zama ba waliyyi a kusa kuma ba halin jira. Kwamitin ɗa'ar bincike ya duba ya amince tun kafin a taɓa kowa. Sannan da zarar ya farfaɗo ko dangi sun iso, a gaya musu, su zaɓi ci gaba ko janyewa. Najeriya ma tana da nata kundin ƙa'idar tun 2007. Wannan rangwame na gaggawa ne kaɗai. Mai ba da kyautar ƙoda ko mai fama da sankara yana da kwanaki da makonni na tunani, ba uzurin da zai sa a tsallake shi.

Kuma kada Dakta ta ɗauka sunan jami'a ya isa kariya. A Johannesbag, wani farfesa mai suna Werner Bezwoda ya yi shelar cewa ba mata masu sankarar mama magani mai tsananin ƙarfi tare da dashen ɓargo yana tsawaita ransu. A Amurka dubban mata sun sha wannan azaba a shekarun 1990, har ana kai kamfanonin inshora kotu don su biya. Da masu tantancewa suka je suka duba takardunsa a farkon 2000, sai suka tarar sakamakon ƙirƙira ne, kwamitin ɗa'a bai amince da aikin ba. Jami'arsa ta kore shi. Sauran binciken da aka yi bisa gaskiya suka nuna hanyar ba ta fi maganin da aka saba ba.

Malam Ɗahiru: To ni na sassauta a kan ruwan gishirin, tunda likitan kansa bai san inda alherin yake ba. Inda ban sassauta ba shi ne kwamitin. Su wa ke cikinsa? In likitoci ne ke tantance likitoci a bayan ƙofa, wa ke wakiltar direba da ɗan acaba, waɗanda su ne za a kwaso? A sanar a rediyo, a faɗa a masallaci da tasha cewa asibiti kaza yana bincike kaza a kan masu haɗari, wanda bai yarda ba ya san yadda zai nuna tun yana da lafiya.

Dakta Amina: Malam, a wannan ba ni da ja. A Amurka dokarsu ta 1996 ta wajabta tuntuɓar al'umma da sanar da ita kafin irin wannan bincike. Mu ma abin da ya kamace mu ke nan, kuma mu da ke da tabon Trovan mun fi kowa buƙatarsa.

Hajiya Mairo: Ni har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba. Takarda da kwamiti duk mutum ne ke riƙe da su. Amma na ji bambancin mai uwa a tsaye da wanda aka tsinto a titi.

Baban Khalifa: Na karanta duka, na gode. Kalmar zalunci na janye ta a kan daren farko, tunda ba mu nan. Ban janye ta a kan kwana ukun da suka biyo baya ba. Tun asubar washegari muna zaune a barandar asibitin nan, mu shida, muna sayo magani muna ba da jini, ba wanda ya kira ɗayanmu gefe ya ce ga abin da aka yi. Kuma takardar da Turanci take, mai ita kuma direba ne da ya tsaya a aji shida.

Barista Sa'adatu: A nan kuna da gaskiya, Yaya, sharaɗin cewa ya yi a sanar da zarar an samu hali. Ya sa hannun?

Baban Khalifa: Bai sa ba. Tana nan a aljihun motata.

Dakta Amina: Kawu, ku duba shafin ƙarshe. Ya kamata a ga sunan binciken, da sunan kwamitin da ya amince da lambar amincewar, da wayar wanda za a kai wa ƙorafi. Ku nemi a karanta masa da Hausa a gaban shaida. In ya ce bai yarda ba, maganarsa ce ta ƙarshe, kuma ba a isa a rage masa kulawa ko a canza masa ranar ganin likita saboda haka ba. In babu lambar amincewa a jiki, ku turo mini hotonta ta gefe, ba a zaure ba, don sunansa na kai.

Baban Khalifa: Ranar Litinin yake da wankin ciwo. Zan kai shi da kaina, amma shi zai yi tambayoyin, tunda jikinsa ne.