Murhun algus: neman Hausar "fraud risk factors"

1. Jiya ina shirya wa ɗalibai darasin odit, wato binciken lissafin kuɗi, sai na cije a kan "fraud risk factors", wato yanayin da ke share wa zamba hanya. Na rubuta "abubuwan haɗarin zamba", na karanta da ƙarfi, ni kaina ban ji Hausa a ciki ba. Jama'a, a kawo ɗauki.

2. Mu fara da laifin kansa. Ƙa'idar odit ta duniya, ISA 240, ta raba shi biyu: ɗibar dukiyar kamfani, da murɗa lissafi don a ga riba inda babu. Na farkon muna da sunansa, sama da faɗi. Na biyun ni algus nake ce masa. Mai tumatir ya jera manya jajaye a saman kwando, ruɓaɓɓu na ƙasa. Abin da ya faru da kamfanin hada-hadar kuɗi na Wirecard ke nan a Jamus: a 2020 aka nemi Yuro biliyan 1.9 da ke rubuce a littafi, aka rasa.

3. Don nuna abubuwa uku da ke kai mutum ga zamba, Turawa suna zana alwatika, daga binciken masanin laifuka Donald Cressey na 1953. Mu me ya kai mu alwatika, ga murhu? Duwatsu uku, a zare ɗaya tukunya ta tuntsire.

Dutsen farko matsi: bashin banki ya zo wuya, ko ladan manaja ya rataya a kan ribar shekara. Na biyu kafa: mutum ɗaya ke rubuta baucan biya, shi ke sa hannu, shi ke riƙe da makulli. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na uku ya fi ba ni wahala, wato mutum ya lallashi zuciyarsa: "aro na yi, baɗi zan cike giɓin." Na sa masa "yi wa kai fatawa".

4. Wani malamina ya ce, "Me ya hana ka ce alamun algus?" Allah ya gafarta Malam, alama hayaƙi ce, bayan an hura wuta ake ganinta. Shi kuwa odita duwatsun yake dubawa tun ba a ɗora tukunya ba, kuma ganinsu ba ya nufin an yi girkin.

5. Wata 'yar'uwa ta ce "coge" ya fi algus zama a bakin matasa. Gaskiyarki Yaya, amma ni coge yana kai ni filin dambe da akwatin zaɓe, algus kuwa na ciniki ne.

Ranar Litinin "duwatsun murhun algus" zan rubuta a allo. Mai wadda ta fi "fatawa" zama ya turo kafin nan.